Fil a Goshin Mai Kukuma

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa, wani lokaci har sunan jika sai na lalubo. Amma ban taɓa mantawa da safiyar da na shiga wurin aiki na tarar da fil mai jan kai soke a goshin maigidana ba. Ba goshinsa na jini da tsoka ba, na zare, wanda ni na ɗinka da hannuna.

Ni ban yi boko ba, ban iya riƙon alƙalami ba. Ɗiyata Auta, wadda ke koyarwa a Anka, ita ke rubutawa ina faɗa, saboda ku matan da nake koya wa surfani a nan Gummi. Kun sha tambayata abin da ya sa ba na yarda a warware ɗinki sai na yi ta tambayoyi, har Saratu a cikinku take cewa Inna Kulu ta fi alƙali bincike. To ga dalilin. In kun ga magana ta karkace, kuka ne ya tsayar da ni, ba laifin mai rubutu ba ne.

Maigidana mutumin Bukkuyum ne, makaɗin kukuma, kuma gadonta ya yi. A shekarun da damina ta yi ta gardama, biki ya yi ƙaranci, makaɗi ya rasa wanda zai yi wa kiɗa, sai muka bar manyan yaranmu biyu wurin Innata muka bi ta Sakkwato, Ƙonni, Agadas, muka ratsa hamada a bayan babbar mota. Niyyarmu mu yi ɗan aiki a ƙasar Larabawa mu wuce Makka. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba, balle na garin. An ce gwamnatin nan ta faɗi tuntuni, amma harshena bai samu labari ba tukuna.

Wanda ya tsince mu wani tsoho ne Balarabe, Baba Salim. Yana kaɗa wata garaya mai ƙaton ciki da suke kira udu, kuma shi ne shugaban makaɗa a gidan al'adu na garin. Ya ji Malam, wato maigidana, yana goga kukuma a bakin kasuwa, ya tsaya har aka tashi, sannan ya ce da shi, “Ni da tsirkiya rututu sai na yi gumi kafin mata su yi kuka. Kai da guda ɗaya ka sa mai rakuma yana share hanci. Taso mu je.” Shi ya ba mu ɗaki a bayan gidansa, shi ya sa Malam cikin makaɗa, shi ya kai ni wurin shugabar mata masu ɗinki da ya ga zanen gadon da na yi wa ado. Tun daga ranar Malam ya ɗauke shi ubangida.

Bari in gaya muku yadda gidan yake, don ku fahimci sauran. A can, waƙa da kiɗa da zane duk na gwamnati ne. Ba a yi wa attajiri waƙa, ba a yi wa manomi ko ɗan dambe. Mutum ɗaya ake yi wa, shugaban ƙasar, wanda ake kira Jagora. A saman gidan akwai Mudir, wato babban mai kula da wurin. Ƙarƙashinsa shugaban makaɗa da shugabar masu ɗinki, wata dattijuwa marar yawan magana da ake kira Mabruka. Sai kuma wasu maza da ake ce wa ’yan kwamiti. Su ba su da ofis, ba su da muƙamin da na sani, amma in ɗayansu ya shigo har Mudir miƙewa yake. Kafin kowane biki su ke sauraron baitin kowace waƙa. Ta Malam ma sai an kawo mai jin Hausa ya fassara musu.

Aikinmu mu mata shi ne wani ƙaton ƙyalle mai kauri, launin yashi, da ya rufe bangon dandamali daga wannan kusurwa zuwa waccan. A tsakiya an ɗinka Jagora, tsawonsa ya fi na mutum uku. Gefe da gefe kuma mawaƙa ne da makaɗa da masu baiti, kowa da fuskarsa kamar zai yi magana. Duk wanda ya yi fice sai a ƙara shi. Ƙyallen ba a sauke shi, a rataye ake aikinsa, don haka sai mutum biyu: ɗaya a gaba tana soka allura, ɗaya a baya tana karɓa tana maidowa. Tsakanin ƙyallen da bango akwai ɗan lungu mai duhu, iyakar faɗin kafaɗar mutum. Wannan lungun na Mabruka ne. Ba ta taɓa barin kowa ya leƙa ba. Ni kullum a gaba nake.

Da aka ce a ƙara Malam, don a nuna wa baƙi cewa har baƙaƙen fata na kudu suna yabon Jagora, ni aka ba aikin. Na zauna na yi shi da tsagar gidansu da ɗan wushiryarsa, kukuma a kafaɗa, dab da Baba Salim. Ranar da ya gani ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Kulu, hancin nan kin rage shi. Ashe dama kunyarshi kike ji?” Na ce zare ne bai isa ba.

Akwai aiki na biyu da ba a gaya mini ba sai da na gan shi. Wata safiya muka shigo, sai ga fil mai jan kai a goshin wani saurayi mai baiti. Mabruka ta dube shi, ta miƙo mini reza. Ba wanda ya taɓa ganin mai soka fil ɗin. Da dare ana kulle gidan, mabuɗi yana hannun Mudir, shi kuma Mudir in ya shigo sai ya kau da kai kamar bai gani ba. Ƙa'idar ita ce kafin azahar fuskar ta tafi. Ta gaba tana yanke zare, ta baya tana zarewa. A tara zaren a kasko a ƙone. Sannan ta baya ta shiga da ƙwaryar ruwa da wani dutse mai santsi, ta jiƙa wurin ta murje shi har hudar allura ta rufe, ya koma yashi kamar ba a taɓa ɗinka kowa ba. Bayan haka Mudir ya zo ya shafa da tafin hannu ya ce ya yi.

Daga ranar ba mai sake ambaton mutumin. In baƙo ya tambaya sai a ce ba shi da lafiya, an kai shi asibitin babban birni. Kujerarsa a ɗauke, sauran su matso. Har matarsa in kun haɗu a kasuwa sai ta gaishe ki ta yi maganar tsadar tumatir. Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne kaset. Muryar mutum ba ta warwaruwa da reza, don haka in an kunna tsohon kaset na ƙungiyar kafin taro, sai ki ji wanda aka cire yana rerawa a cikin amshi, mutane kuma suna zaune suna shan shayi kamar ba su ji ba.

Na warware fuskoki da dama. Ƙyallen ya yi ta samun gibi, Jagora yana tsaye a tsakiya yashi yana ƙaruwa kewaye da shi.

Baba Salim yana da wata waƙa ta dangin uwarsa, wadda mata ke yi lokacin tsinkar dabino. Duk garin an san ta. Ko zai gwada tsirkiya, da farkonta yake gwadawa. Ana shirin babban bikin gwamnati na shekarar da na haifi Auta, sai ’yan kwamiti suka ce ya sa sunan Jagora a cikinta. Ina gaban ƙyalle ina aiki, na ji da kunnena. Tsohon ya yi murmushi ya ce, “’Ya'yana, na yi masa waƙoƙi sun fi gashin gemuna yawa, kuma zan ƙara. Amma wannan ta cika tun kafin a haife ni. Babu gurin da mutum zai zauna a cikinta.” Ɗan kwamitin ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa, ya ce ba komai, Baba.

Ba a yi mako ba na ga fil a goshinsa.

Da na koma gida na tarar da Malam yana shafa wa izgar kukuma ƙaro. Na ce, “Malam, yau anka soka ma Baba Salim.”

Hannunsa ya tsaya. “Ke kinka warware shi?”

“Ni da Mabruka.”

“Cewa anka yi ba shi da lafiya.”

“Duk haka aka cewa. Don girman Allah, ranar biki kada ka ambace shi.”

Ya ajiye izgar. Can ya ce, “Kulu, makaɗi ba shi fara kiɗi bai gaida ubangida nai ba. Ko shina da rai ko ya mutu. Ubana bai taɓa tsallakewa ba.”

Na ce, “Uban naka a Bukkuyum ya yi kiɗi, inda in ka ɓata ma sarki rai sai ka kwana biyu Gummi ka koma in ya huce. Nan ina za ka kwana? Dubi jinjirar ga.”

Ya dubi Auta, ya ja ɗan yatsan ƙafarta. Ya ce, “Na ji. Bakina ba shi ambatonsa. Na rantse miki.”

Kuma ya cika rantsuwarsa.

Ku da kuka tashi da waƙar waya, wataƙila ba ku san take ba. Take ɗan kiɗa ne da makaɗi ke ware wa mutum guda, da an ji shi an san da wa ake, ko ba a buɗe baki ba. A wurinmu kaɗa taken mutum gaisuwa ce kawai, kamar ka rusuna in ka wuce ƙofar gidansa. Ba a taɓa kama kowa a ƙasar Zamfara don ya kaɗa take ba. Malam ya ga ’yan kwamiti baiti suke bincika, ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da hannunsa zai yi kafin ya buɗe baki. A zatonsa abin da ba a furta ba, ba a yi shi ba. Taken da ya ware wa Baba Salim kuwa shi ne farkon waƙar dabinon nan.

Ranar biki bayan la'asar zauren ya cika maƙil. Manyan sojoji a gaba, ’yan kwamiti a gefe, talakawa a baya har bakin ƙofa. Mu masu ɗinki muna tsaye a jikin bango. Aka kira Malam. Ya fito da hular da na ɗinka masa, ya zauna daidai ƙarƙashin hotonsa, gefen gibin da Baba Salim ya bari. Ya ɗora kukuma, ya lumshe ido, ya ja.

Bai fi numfashi uku ba. Amma na ga zauren nan ya daskare. Masu fifita suka tsaya da fifita. Wani yana kai kofin shayi baki, hannunsa ya tsaya a hanya. Mabruka ta damƙe mini hannu har farcenta ya shiga. Can daga baya wata tsohuwa ta fara guɗa, sai ta yanke a tsakiya kamar an toshe mata baki. Shi kuwa Malam bai ma buɗe ido ba. Ya gama gaisuwarsa, ya shiga waƙar Jagora, ya yi ta da kyau fiye da kullum.

Da ya gama, babban ɗan kwamiti ne ya fara tafi. Kowa ya kama. Aka yi ta tafi, aka yi ta tafi, ba mai son ya zama na farkon dainawa, fuskoki kuwa ba ko ɗaya mai murmushi. Mutumin ya hau dandamali ya rungume Malam, ya yafa masa alkyabba.

A gida Malam ya yi ta zolayata. “Ina matsoraciyar Gummi? Ga alkyabba, ko ita ma fil ce?” Na yi dariya, wallahi na yi dariya. Kwanaki suka wuce ba abin da ya faru. Sai dai maƙwabta sun daina aiko yara ɗibar wuta, mai burodi kuma ya riƙa miƙo mini burodi yana kallon wani wuri.

Wata rana da hantsi wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Mutum biyu masu ladabi suka ce gidan rediyon babban birni na son ɗaukar kukumarsa, jibi za su dawo da shi. Har suka yi wa Auta wasa. Malam ya sa alkyabbar, ya sa hula, ya rataya kukuma. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, “Ki kunna rediyo. In kin ji na yi kuskure kada ki gaya ma mutanen Bukkuyum.” Maganarsa ta ƙarshe ke nan da na ji.

Washegari na goya Auta na tafi aiki. Zauren ba kowa, ƙofofi a rufe, sai ƙwan lantarki ɗaya. Tun daga nesa na hango ɗan jan abu. Na ce wa kaina idona ne. Na matsa. Yana nan tsakiyar goshinsa, sama da tsagar da na ɗinka, shi kuma yana ta murmushi da wushiryarsa.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Da na ɗaga kai Mabruka na tsaye a kaina da reza da kasko.

Na ce, “Uwa, ba zan iya ba.”

Ta ce, “Za ki iya. In azahar ta yi yana nan, gobe ba ki nan. Wannan ta bayanki kuma gidan marayun gwamnati za a kai ta, a sa mata wani suna.”

Na ce, “Ko yana da rai?”

Ta ce, “Ni mai ɗinki ce.” Sai ta miƙo mini ƙwaryar ruwa da dutsen. “Yau ke za ki shiga baya. Daga can ba fuska ake gani ba, ƙulli ne kawai. Ni zan yanke.”

Na ɗaga gefen ƙyallen na shiga lungun da ban taɓa shiga ba. Duhu, ƙura, da wani sanyi. Ƙasan wurin a jiƙe yake, har gansakuka ta fito a gindin bango, a garin da ruwan sama sai a shekara ba a gani ba. Ban gane dalili ba a lokacin. Na lalubi wurin da nake jin ƙarar reza, na fara zare zaren. Na san kowane ɗaya. Baƙin nan na gira ne, farin nan na haƙori, shuɗin nan na hula. Ina zarewa ina karanta abin da na iya na addu'a, hawaye na zuba a kan hannuna, amma ban bari sauti ya fita ba.

Da muka gama, sai na ji takun Mabruka ta nufi ƙarshen zaure. Ta buɗe manyan ƙofofin, wai don hayaƙin kasko ya fita. Rana ta shigo ta bugi ƙyallen.

Jama'a, abin da na gani.

Duk inda muka taɓa warware mutum, yana nan. Hudar allura ba ta rufe ba, haske ya biyo ta kowace huda, ɗigo-ɗigo, ya zana fuskar kamar yadda take. Ga saurayin nan mai baiti. Ga wata mawaƙiya mai ɗan kunne. Ga wasu da aka cire tun kafin in zo ƙasar, ban san su ba. Jere suke daga wannan kusurwa zuwa waccan, sun fi waɗanda suka rage a gaba yawa, dukansu suna kallon cikin lungun, suna kallona. Iska ta ɗan kaɗa ƙyallen, sai suka motsa. Ga Baba Salim da gemunsa na haske. A gefensa kuwa, dab da fuskata, ga Malam. Har wushiryar. Hasken ya sauka a kan zanena da hannuwana. Jagora kaɗai ne baƙi ƙirin, saboda zarensa ya yi kauri haske ba ya ratsa shi.

Auta ta leƙo ta kafaɗata, ta miƙa hannu tana son kama ɗigon haske.

Muryar Mabruka ta zo ta cikin ƙyallen, ƙasa-ƙasa. “Na can ƙarshe ta hagu, mai siririn wuya. Ɗana ne. Shi ne na farko da aka ba ni.” Ta numfasa. “Daga gaba ba a gani, don bayan duhu ne. Ruwan yana hannunki. Mijinki ne, ke za ki zaɓa. In an gane, mu biyu ne.”

Nan na gane abin da ya jiƙa ƙasan wurin. Shekara da shekaru matar nan tana shiga da ƙwarya cike tana fitowa da ita wayam, ba ta taɓa jiƙa fuska ko ɗaya ba.

Na dubi dutsen, na ji nauyin Auta a bayana. Na san in na murje shi na kuɓutar da ita daga wannan hatsarin. Na kuma san ba ni da kabarin da zan nuna mata. Ban san tsawon lokacin da na tsaya ba. Na sunkuya na tsiyaye ruwan a gindin bango, a hankali, don kada ya yi ƙara.

Ban kai ga fita ba na ji Mudir ya shigo. Mabruka ta ce masa ina ciki ina tattara kaya. Inuwarsa ta rufe hasken. Sai ga tafin hannunsa ya turo ƙyallen, daidai fuskar Malam, har ya kusa taɓa hancina. Yana shafawa sama da ƙasa. Na juyo da Auta na danna mata nono a baki. Hannun ya tsaya. Na ji yatsansa yana sosa wuri ɗaya, yana komawa. Mutumin nan ya shafa irin wurin nan sau da yawa a rayuwarsa, kuma hannu yana jin huda. Har yau ban yarda bai sani ba.

Ya ce, “Ya yi.” Ya ƙara da cewa, “A rufe ƙofofin nan, rana tana ɓata ƙyalle.”

Na ci gaba da aiki a gidan wata da watanni ina jiran jibin da aka ce. In an kunna kaset kafin taro ina jin kukumarsa tana bin udun Baba Salim, ina raba shayi. Kullum da hantsi Mabruka kan ce zauren ya yi wari, ta buɗe ƙofa, ta ce in shiga baya in duba ko asu ya taɓa ƙyalle. Ba mu taɓa yin maganar ba. Daga baya ita ta haɗa ni da wani direba ɗan Agadas. Ranar rabuwa ta sumbaci kan Auta ta ce, “Je ki. Ni zan riƙa duba asu.”

Na iso Gummi, na wuce Bukkuyum na durƙusa gaban uwar Malam. Ta ce, “Ina shi?” Na ce ban sani ba. Ta ce, “Ya mutu?” Na ce ban sani ba. Har ta koma ga Allah, in mota ta tsaya a bakin hanya sai ta aika a dubo. Na yi shekaru ni ba matar aure ba ni ba mai takaba ba, sai da alƙali ya ce in yi takaba. Na yi ta, ba gawa, ba likkafani. Makka kuma ban je ba.

Da aka ce gwamnatin ta faɗi, na tambayi yaranmu masu dawowa daga can, har da masu haƙar zinare da ke zuwa Anka. Wani ya ce an ƙone gidan, wani ya ce yana nan an mai da shi wurin ajiye buhuna. Ba wanda ya san zancen ƙyalle. Ni dai in rana ta biyo ta hudar tabarmar ƙofata da hantsi, ba na iya kallon ƙasa.

Ga abin da aikin nan ya koya mini, ku riƙe. Mai mulkin da ya ce shi kaɗai za a yi wa waƙa ba ya tsoron baiti kamar yadda yake tsoron abin da mutane suka tuna tare. Kuma ba da hannunsa yake shafe mutane ba, da hannun irinmu yake yi, masu allura da masu kiɗa, waɗanda ke da goyo a baya. Ban ga laifin wadda ta murje ba. Amma na ga matar da ta zubar da ruwa a ƙasa tsawon rayuwarta, ba wanda ya yi mata waƙa.

Shi ya sa in mace ta kawo matashin kai ta ce a warware sunan wani, nake cewa ku zaunar da ita ku tambaye ta ko zaren kawai take so a cire, ko har hudar. Ba ɗaya ba ne. Zare in an cire ana iya maidawa, muddin huda tana nan. In kin jiƙa kin murje, ya tafi.

Saura abu ɗaya. Tun ranar da aka kai ni ɗakin maigidana ban taɓa kiran sunansa ba, don kunya irin tamu. A can kuma aka hana kowa kiransa, don tsoro. Sai ya zamana ni da su mun yi shiru iri ɗaya, kuma wannan ya daɗe yana ci mini rai. Auta, daina kukan nan, share takardar kada ta jiƙe. Gyara alƙalaminki, ki danna da ƙarfi yadda zai fito ta baya.

Sunansa Garba.